Ranar da Na Kwaikwayi Surukina a Lakwal ɗin Dakoro

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko na so in manta mutanen Dakoro ba za su bar ni ba. Yau gemu ya yi fari, jikoki sun cika gida, amma in ina zaune ni kaɗai abin ya faɗo mini a rai, sai in ji hannuna ya tashi da kansa ya ja amawali ya rufe baki, alhali ba kowa a ɗakin daga ni sai buta.

Lokacin Nasara suna nan, saura 'yan shekaru su tattara kayansu. Ni kuma ina saurayi, ina aiki a biro, wato ofishin likitan dabbobi na Dakoro. Aikina allurar shanu ne kawai, amma a gari "Likita" ake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina da kaki mai aljihu huɗu, ina da keke, ina da Faransanci daidai na razana mutane a kasuwa. A ganina daga Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, sai ni (Kumandan ɗin ma don ya riga ni zuwa duniya ne).

Mu asalinmu mutanen arewa ne. Kakannina daga wajen Azagor suka gangaro suka kama noma, Hausa muke yi a gida, amma rawani bai bar mu ba. A wurinmu in aka naɗa wa namiji rawani, to bakinsa ya shiga amawali ke nan. Ba ya sauke shi a gaban manya, ko ruwa zai sha sai ya kau da kai ya tura ƙwaryar ta ƙarƙashi. A gaban suruki kuwa, wallahi gara wandonka ya zame da amawalinka ya zame. Ba wasa nake yi ba, haka muka taso muka tarar.

To, ina son wata yarinya a Korahane, sunanta Mariyama. Ranar da na je yi wa shanun gidansu allura na gan ta. Wani maraƙi ya shure ni na zauna daɓas cikin kashin shanu, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, sai na ce lallai wannan ce matata. (Daga baya ta gaya mini bayan rumbu ta zagaya ta yi abarta har da hawaye.)

Mahaifinta ba zan faɗi sunansa ba. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma har yau harshena ba ya ɗaukar sunan, Baba kawai nake cewa. Dogon dattijo ne siriri, duk kasuwar Dakoro an san shi, don ba a cinikin raƙumi mai kyau sai an nemi ya duba haƙoransa. Wani raƙumi ya taɓa shurinsa a gwiwa tun yana saurayi, saboda haka yana tafiya yana wurga ƙafa ɗaya gefe, yana dogara sanda. Kuma ba ya fara magana sai ya gyara murya sau uku, a hankali, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya sama, kowa ya yi shiru ya jira.

Sau uku kawuna, Kawu Ahmadu, yana hawan jaki zuwa Korahane neman mini aure. Sau uku Baba yana gyara murya, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ban ce ba, ban hana ba." Shi ke nan, sai a kawo fura a sha a watse. A zuwa na uku ne Kawu ya matsa masa, sai ya ƙara da cewa, "Yaron ɗan lakwal ne, ɗan boko. An ce lakwal tana wanke kunya daga idon yaro. Bari mu gani tukuna."

Tun daga ranar na shiga taka-tsantsan. In na hango mutumin Korahane a kasuwa, ko da yaro ne mai tallan igiya, sai in ja amawali har gindin ido, in sauka daga keke in tura shi da hannu. Wata takwas ina wannan ladabi, har ni kaina na fara yarda cewa ni mutumin kirki ne.

Sai Allah ya kawo mana Mushe Antwan. Sabon shugaban lakwal ne, mutumin Dahome, gajere mai tumbi, mai fara'a, yana jin Hausa amma bai san kanmu ba ko kaɗan. Ya zo da garmaho da faifai da wani tsohon littafin tiyatir, wato wasan kwaikwayo, wanda bangonsa ya cire. Irin wasan nan ne da mutane suna cikin magana lafiya lau sai kawai su ɓarke da waƙa ba dalili. Ya ce a ƙasar Faransi ba yaron da bai san shi ba, tun kafin a haifi kakansa ake yin sa. Shi da abokina Salifu, mai buga takardu a biron Kumandan, suka zauna suka mayar da shi Hausa, za a yi shi ranar rufe lakwal a gaban Kumandan da matarsa. 'Yan lakwal sun yi ƙanana da manyan matsayi, don haka Mushe ya aika wa ma'aikatan gari cewa duk mai so ya zo a gwada muryarsa.

Labarin wasan kuwa, wani saurayin soja ne yake son wata yarinya, ubanta tsoho mai taurin kai ya ƙi ba shi. Da Salifu ya gaya mini, na ce kai, wannan ai ni aka rubuta wa. Da ya ƙara da cewa sojan zai sa jan kwat mai maɓallan tagulla wanda matar Kumandan ta ba da aro, sai hankalina ya bar jikina. Na riƙa ganin Kumandan ya miƙe ya ba ni hannu a gaban jama'a, labari ya kai Korahane kafin rana ta faɗi, Baba ya ce a'a, yaron da Kumandan ya ba hannu ai ba a ja masa rai. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ba ko dattijon da yake tsoron rashin kunyar ɗan lakwal zai ji daɗin labarin ina rawa a kan tebur.

"Likita, in ba kai ba wa?" in ji Salifu. "Ga tsawo, ga ƙirji. Kwat ɗin nan kai yake jira."

(Allah ya saka mini tsakanina da Salifu. Mun yi shekara arba'in muna abota bayan haka, kuma ban taɓa yafe masa wannan maganar ba.)

Sati biyu ina koyon waƙar sojan. Tunda a gida ba dama, a daji nake yi, shanu su ne masu saurarona. Ran nan ina tsakiyar jan baiti, allura a hannu, wani Bafulatani da yake riƙe mini ƙahon saniya ya dube ni da tausayi ya ce, "Likita, ciki ne? Akwai saiwa a jakata." Na ce a raina mutumin daji me ya sani game da waƙar Faransi.

Ranar gwaji ta faɗo ranar kasuwa, bayan la'asar. A kilas, wato ajin manyan yara, aka yi. An haɗa tebura shida aka yi dandali, Mushe ya ɗora garmaho a kan kujera yana ta murɗa shi. Mu kusan goma muka zo, har da wani gardi, ɗan sandan Kumandan, da mai gidan waya, da mai yi wa mutane allura a asibiti. Zafi ake yi, an buɗe tagogi duka huɗu. Masu tashi daga kasuwa da suka ji garmaho sai suka fara taruwa, mata da ƙore a kai, 'yan koli, masu jakuna, kan ka ce me kowace taga ta cika da kawuna.

Da aka kira ni na hau tebur da ƙarfina, na dafa ƙirji, Mushe ya ɗora allura a kan faifai, na fara. Ban kai rabin baiti ba ya ɗaga hannu.

"Likita, ba na jin komai. Kamar mutum yana waƙa cikin tulu. Sauke ƙyallen nan."

Na ce, "Mushe, ba a yi."

"Me ba a yi? A tiyatir baki shi ne aiki. Soja da baki a rufe, ina ka taɓa gani?"

Na bi tagogin nan da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba dattijo ko ɗaya, ba rawani irin namu, ba fuskar da na sani daga Korahane. Salifu daga ƙasa yana cewa, "Sauke mana, wa ya damu da bakinka? Ko haƙora ne babu?" Aka yi dariya. Ni kuwa ba na son a yi mini dariya, ga jan kwat yana rataye a jikin allo yana kallona. Na sa yatsa biyu na ja amawali ƙasa har wuya. Na ji iska ta taɓa mini leɓe a gaban mutane, abin da ban ji ba tun ranar da aka naɗa mini rawani, tsigar jikina ta tashi. Amma na dake.

Ashe amawalin nan rufa mini asiri yake yi. Da muryar ta fito fili, ni kaina sai da na tsorata. Garmaho yana gabas ina yamma. Wurin da sojan zai ja murya sama yana kiran masoyiyarsa, na ja, ta tsage a tsakiya, wata mata a taga ta ce, "Wayyo, ku ba shi ruwa." Mushe ya ɗage allurar a hankali ya ce, "Marsi, Likita, marsi." Mai gidan waya ya hau bayana, ɗan ƙaramin mutum da kwat ɗin zai kai masa gwiwa, ya buɗe baki, kilas ta yi tsit don daɗi. Nan take aka ba shi soja.

A nan ya kamata in ja amawalina in hau kekena in tafi gida. Da na yi haka, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku, kuma da na fi kowa murna. Amma na riga na gaya wa innata da duk 'yan biro cewa ni ne soja. Na tsaya a gefe ina zufa, ina jin kamar kowa ni yake kallo.

Mushe ya duba takardarsa ya ce, "Saura uban yarinya. Ba wanda ya nema. Likita, ka gwada. Wannan ba ya son murya mai daɗi, in ma ta yi muni ya fi."

Ku ji fa, zagi ne wannan, amma ni sai na ji shi kamar an miƙo mini igiya ina cikin rijiya. Na sake hawa tebur. Na ce, "Mushe, yaya ake yin sa? Ni ban san tsofaffin Faransi ba."

"Manta da Faransi. Ka tuna wani tsoho mai taurin kai da ka sani, ka yi shi."

Wallahi ban nema ba. Ban zauna na ce bari in yi wane ba. Da kansa ya zo. Na miƙa hannu na ɗauki doguwar sandar da Mushe yake nuna allo da ita, na dogara, na wurga ƙafa gefe, na taka ɗaya, biyu, uku. Na tsaya. Na gyara murya a hankali, sau uku. Na ɗaga yatsa sama.

Ban ce komai ba tukuna, kilas ta fashe. Salifu ya sulale daga benci yana riƙe da ciki. Gardi yana dukan tebur da hularsa. Daga taga wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Tsohon Korahane ne wallahi!"

Wannan shi ne wurin da ban yafe wa kaina ba har yau. Na ji maganar nan da kunnena. Na san sun gane ko wane ne. Da ina da hankali, nan zan ajiye sanda in ce a'a, ba shi ba ne. Amma dariyar ta yi mini daɗi. Mutumin da aka ce a ba shi ruwa ɗazu, ga shi yanzu duk gari na tafa masa. Sai na ƙara wurga ƙafar, na ƙara tsawon wuya.

Mushe ya saki garmaho. A takardar da Mushe ya miƙo mini an rubuta tsohon zai ce ɗiyarsa ba ta auren soja. Na yar da takardar. Duk haushin tafiya uku da Kawu ya yi a banza, da wata takwas na tura keke da hannu, suka taso mini, na kama waƙa da bakina:

"Ka zo bana, ka dawo baɗi,
ban ce ba, ban hana ba.
Jakinka ya san hanya, sha fura ka tahi,
ban ce ba, ban hana ba."

Kafin in kai baiti na uku mutanen taga sun karɓe amshi. Mata suna tafi, ƙore na rawa a kansu. Ni kuwa ina zagaya tebura shida ina ɗingishi, baki a wangame har ana ganin dasashi, ina juyi, ina nuna mai gidan waya da sanda. Mushe yana tsalle yana cewa, "Haka! Haka!" Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba, kuma ban taɓa biyan daɗi da tsada irin haka ba.

Ban lura da lokacin da amshin ya fara raguwa ba. Tagar da ke bayana ce ta fara yin shiru, sannan ta kusa da ita. Na ga Salifu ya daina dariya, yana yi mini wata alama da ido, na ɗauka cewa yake in ƙara. Na ƙara. Na cika ƙirji na ja "ban hana baaa" ni kaɗai, har garmaho ya gaji ya tsaya. Kilas ta yi tsit, ba ka jin komai sai allura tana karta faifai.

Sai na ji an gyara murya a bayana. A hankali. Sau uku.

Na juya. Mutanen tagar sun dare biyu sun bar fili, ga Baba a tsaye, amawalinsa har gindin ido, hannu biyu a kan sanda. Kusa da shi ga Kawu Ahmadu, ya dafe kai da hannu biyu. (Daga baya na ji yadda aka yi. Baba ne da kansa ya nemi Kawu a kasuwa ya ce yana son ya hango yaron a wurin aikinsa daga nesa, in ya gamsu a sa rana. Suka je biro aka ce ina lakwal. Kawu ya yi ta murna a hanya, yana cewa ka gani, har yara yake koya wa karatu.)

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, yatsa a sama, ƙafa ɗaya a wurge, baki a buɗe a gaban mutumin da ko haɓata bai kamata ya gani ba. Da hankalina ya dawo na kai hannu da sauri in ja amawali. Don gaggawa sai na fizgi wani gefen dabam. Rawanin gaba ɗaya ya warware, ya zubo mini a kafaɗa, ya gangara ƙasan tebur, ya bar ni da ƙwalƙwal ɗin kai wanda aka aske shekaranjiya. Yanzu ba baki kaɗai ba, har kai. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu," ta rufe idonta da gyale.

Na diro na shige ƙarƙashin tebur. Ni, Likita, mai kaki da keke, na durƙusa cikin ƙurar alli ina jan rawanina kamar mai jan guga, ina naɗa shi yadda ya samu.

Baba yana nan tsaye a taga. Ya ɗaga yatsa kamar zai yi magana, ya dube shi, ya mayar da shi. Sannan ya juya ya kama hanya, yana wurga ƙafa, yana dogara sanda, kowa na kallonsa ta taga.

Mushe Antwan, bawan Allah, bai fahimci komai ba. Ya leƙa ta taga ya ga tafiyar Baba, sai ya tafa hannu da murna ya ce, "Kai! Ga wani ma ya iya! Wannan har ya fi Likita! Malam, dawo, dawo mu gwada ka!" Salifu ne ya yi tsalle ya toshe masa baki da hannu. Daga ƙarƙashin tebur na roƙi Allah ya buɗe ƙasa in shige, ƙasar lakwal kuwa siminti ce.

Washegari tun da safe na roƙi maigidana a biro ya tura ni daji. Ya ce ba lokacin allura ba ne. Na ce akwai cuta a wajen Ɗan Gulbi, na ji labari. Sati biyu ina can ina duba awakin da lafiyarsu ƙalau. Amma waƙar ta riga ni isa. A bakin wata rijiya na tarar da 'yan mata suna jan ruwa suna "ban ce ba, ban hana ba," ba su ma san ni ne mai ita ba. Na juya keke ban sha ruwan ba.

Da na dawo, innata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi ya fi mini sauƙi. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ci. Tunda bakin ya saba da fili, ba sai na fita ba." Kawu kuwa kwana uku ina zuwa gaishe shi yana amsa wa bango. A na huɗu ya ce, "Gobe za mu Korahane. Ba neman aure za mu ba, wannan ka kashe shi da kanka. Haƙuri za mu ba dattijo, don ni ina da sauran zama da mutane."

Mun isa da hantsi. Ni ban shiga ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bayan darni cikin rana, amawali har ya taɓa gashin ido. Kawu ya shiga ya sami Baba a gindin bishiya, ina jin su ta tsakanin kara. Can cikin gida ana daka, da aka ji sallamarmu sai dakan ya tsaya, na san ko wace ce ta tsayar da shi.

Kawu ya yi ta magana. Ya ce yarinta ce, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya ce sharrin garmaho ne, ya zagi lakwal da wanda ya kawo ta. Da Kawu ya ƙare, na ji Baba ya fara gyara murya, sau ɗaya, sai ya katse ya haɗiye sauran. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Dattijo a cikin gidansa, a gindin bishiyarsa, yana jin nauyin gyara muryarsa saboda ni. Hawaye suka zubo mini cikin amawali.

"Ahmadu," in ji shi, "ƙahwar da yaron ga ya ja, ta hagu ce. Tawa ta dama ce. Ka gaya mishi."

Kawu ya ce, "To, Baba. Za shi ji."

(Gaskiyarsa ne. Kullum daga gaba nake hango shi in kauce, sai damansa ta zama haguna.)

Baba ya numfasa. Sannan ya ce, "Na yi kwana da kwanaki ina tunani. In na hana shi ɗiya, mi ya rage tsakanina da shi? Babu. Ba ni da haƙƙin kunya a kansa. Gobe sai shi hau tebur gaban Kumandan shi yi ni, jibi shi yi ni a Maraɗi, wa za shi hana shi? Amma in ya zama surukina, ko sunana ba shi iya hwaɗi har shi mutu. In ya hango ni sai shi sake hanya. Ku kawo goro bayan kaka."

Kawu ya rikice ya fara godiya, Baba ya katse shi.

"Kada ka gode mini. Ba don ya cancanta ba ne. Bakin nan na gani da idona, kuma ban ga abin da za shi ruhe shi ba sai wannan."

Haka na sami Mariyama. Ba jan kwat, ba hannun Kumandan. Da na koma Dakoro na tarar Mushe ya rubuta sunana a allo da manyan baƙaƙe a matsayin uban yarinya. Na ce masa ba zan yi ba. Ya yi ta roƙo, ya ce baiwa ce Allah ya ba ni, ya ce a ƙasarsu da an ɗauke ni a kafaɗa. Na ce Mushe, a ƙasarmu saura kaɗan a ɗauke ni a makara. Gardi aka ba, ya yi shi a sandare kamar yana fareti. An ce duk da haka da ya buɗe baki jama'a suka karɓe da amshina, Kumandan yana tambayar me ake wa dariya. Ni ban gani ba, ranar ina Ɗan Gulbi wajen awakin nan.

Baba ya yi shekara ashirin da wani abu bayan aurenmu. A tsawon wannan lokaci bai sake ganin ko ƙasan hancina ba. In ya shigo kasuwa ta gabas, ni na fita ta yamma. In jikokinsa suka ce in yi musu wasa, sai in ce ban iya ba. Mariyama kuwa in muka yi 'yar cacar baki takan ce, "Kai fa ka san ba ba ka ni aka yi ba, ɗaure ka aka yi da ni." Ni sai in tashi in duba akuya.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi da kyau, kuma ina gaya wa duk saurayin da na ga mutane sun fara tafa masa. In dariya ta yi maka daɗi, waiwaya ka dubi bayanka kafin ka ƙara. In kuwa lallai sai ka kwaikwayi wani tsoho, to ka bincika tukuna, ka zaɓi wanda duk 'ya'yansa maza ne.